Kujerar Safiyanu

Tun da kwale-kwale ya kife da Safiyanu a ambaliyar bara, motarsa ce ta rage wa matarsa Suwaiba. Irin ta zamani ce, komai nata da wuta yake aiki. Da an buɗe ta da makullinsa, sai kujerar direba ta ja baya da kanta, daidai tsayin ƙafafunsa. Suwaiba takan zauna haka jim, ƙafarta ba ta kai birki ba, kafin ta matso da ita.

Misbahu mai gyaran wutar mota ya gwada batirin, ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan ya gama aiki. Motocin yanzu in wuta ta yi ƙasa haukacewa suke yi. Bari in sauya."

"In ka cire, za ta manta da kujerar?"

"Tana iya mantawa."

"To bar shi tukuna."

Ranar Juma'a ta je Guri gaida surukarta, tare da 'yarta Saudatu, mai sunan tsohuwar. Shi ya sa mahaifinta Safiyanu yake ce wa yarinyar Uwa. Har ya bar duniya, kunya ba ta bar shi ya furta sunan ba.

Hira ta ja su. Dab da magariba suna hanyar Hadejia, ruwa hagu da dama, ciyawar kacalla ta fi mutum tsayi. Sai fitilun gaban direba suka shiga ƙyaftawa, ja da rawaya. Rediyo ya kunna kansa, ya mutu. Sitiyari ya yi nauyi. Motar ta yi tari, ta tsaya.

Kwaɗi suka yi tsit.

Warin laka da ƙarnin kifi suka cika motar, alhali gilasai a rufe suke. Kujerar ta ja baya a hankali, Suwaiba na kai.

Aka ƙwanƙwasa gilashi.

"Ku buɗe mini. Sanyi nake ji."

Muryarsa ce, har da 'yar dishewar nan tasa ta safe. Ba a taɓa ganin gawarsa ba. Suwaiba ta tarar da hannunta a kan mabuɗin ƙofa.

"Umma, Abba ne!"

Muryar ta zagaya baya, wajen yarinyar.

"Saudatu. Buɗe wa babanki."

Suwaiba ta janye hannunta daga mabuɗin. Sunan uwarsa, gatsau, a bakinsa?

"Kar ki amsa," ta ce da raɗa. "Ba shi ba ne."

Yarinyar ta riga ta danna maɓalli. Gilashin ya fara sauka yana nishi.

Yatsu suka zuro. Dogaye, jiƙaƙƙu.

Wutar ta ɗauke ɗif. Gilashin ya tsaya.

Saudatu ta ja ƙofa tana kuka. Ta ƙi buɗuwa. Makullin da ke hana yara buɗe ƙofar baya ne, wanda Safiyanu ya sa da hannunsa.

Suwaiba ta jawo ta gaba, ta rungume ta, tana Ayatul Kursiyyu. Muryar tana kira, tana roƙo, tana nisa. Aka ji wani abu mai nauyi ya faɗa ruwa.

Hasken wata motar kifi ya haske su. Direban ya ja musu wuta daga batirinsa da waya, yana ta duban laka mai shatin yatsu a gilashin baya. 

"Kar ki kashe ta sai gida, Hajiya," kawai ya ce.

Washegari Misbahu ya sa sabon batiri. Fitilu suka natsu, gilashi ya hau. Suwaiba ta buɗe da makullin Safiyanu, ta tsaya tana jira.

Kujerar ba ta motsa ba.

Ta shiga ta zauna. Ƙafarta ta taka birki daidai. Ta kifa kai a sitiyari, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da masunta suka dawo da hularsa kaɗai.