Ɗan Wanzamin Alhaji

Bayan la'asar Mudassir na zaune a zauren gidan su Zulaihat a Ƙofar Kaura, shaddarsa ta sha guga, suna hirar ranar da kawunansa za su zo neman aure.

"Wai Babanka a wane asibiti yake aiki ne?" ta tambaye shi. "Kullum sai ka ce harkar lafiya, ka sauya zance."

"Firabet ne, asibitin kuɗi," ya ce, yana latsa waya.

Sai ga sallama. Wani dattijo ya jingine kekensa ya shigo, zabirar aski rataye a kafaɗa. Mudassir ya ɗago kai daga wayar. Mahaifinsa ne, Malam Tanko, daga Batagarawa.

Zulaihat ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Baba. Abba na ciki yana jiranka." Ta juyo. "Sabon wanzamin Abba ne, ya iya ƙaho."

Dattijon ya dubi ɗansa, ya dubi shaddar, ya dubi yarinyar. Ya sunkuyar da kai.

"Sannu, samari," ya ce, kamar bai taɓa ganinsa ba, ya nufi ƙofar ciki.

Da zaginsa mahaifin ya yi da ya fi sauƙi. A jami'a Mudassir ya karanta cewa mutum da idon jama'a yake kallon kansa, har ya ci jarrabawa a kai. Yau ga shi uban da ya haife shi ya ari idon jama'ar don ya rufa masa asiri. Mudassir ya miƙe, ya bi shi, ya karɓi zabirar ya tsuguna.

"Baba, ina wuni." Bai iya ɗago kai ba. "Zulaihat, mahaifina ne."

Kafin magariba zance ya kai ciki.

"Wanzamai? A zuri'armu?" in ji Hajiya Mairo, mahaifiyar Zulaihat. "Me zan ce wa dangi ranar biki?"

Zulaihat ta sha kuka, amma da Mudassir ya kira ta, ba wanzancin ta ambata ba.

"Sori ba ta isa ba, Mudassir. Wanda ya iya ɓoye ubansa, ni ranar da na tsufa ina zai saka ni?"

 Daga ranar, duk Asabar sai Mudassir ya goyo Malam Tanko a babur, ya riƙe masa zabira har gaban Alhaji Sammani, mahaifin Zulaihat, 'yan unguwa na tsokanarsa da "Likita". Har damina ta wuce Hajiya ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuwa bai fasa durƙusawa ba.

Wata rana ana tsakar aski Alhaji ya ce, "Malam Tanko, ka turo 'yan'uwanka. Wancan mai shaddar ban san ko wane ne ba. Wannan mai riƙe maka kwanon ruwa na san ubansa, shi zan ba 'yata."

Hajiya daga bayan labule ta ce, "To, Allah ya sa albarka."

Jama'a, duk wanda ya ji kunyar asalinsa don a so shi, ba shi ake so ba, wani baƙo ne ya ƙirƙira. Haƙuri da gaskiya ne suka dawo wa Mudassir da kansa, sannan suka ba shi mata.