Bari In Sauka Tukuna

Magariba ta kawo kai, mai gyaran fanka yana alwala a tsakar gida, sai duwatsu suka fara zuba a kan kwanon rufi. Ba jifan yara ba ne. A jere suke zuwa, tat-tat-tat, su tsaya, su sake. Ya dakata da alwalar, don ya san wannan ƙarar.

Daga ranar 'yarsa Auta ta daina zama. Tana tsaye a tsakiyar ɗaki, hannuwa a buɗe, tana gurnani ƙasa-ƙasa kamar inji. In an zaunar da ita sai ta ƙwalla ƙara. Ƙafafunta suka kumbura suntum. Uwar ta yi kuka har ta gode Allah.

Aka ɗauko malam. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta juyo, ta yi magana da muryar tsoho.

"Malam, daina ƙona ni. Ba da kai nake ba."

"Me kake nema a jikin baiwar Allah?"

"A saukar da jirgin."

Malam ya dubi maigidan, maigida ya dubi ƙasa.

"A ɗakin kaya nake zaune tun maigidan nan yana saurayi," in ji aljanin. "Can yake wasa a kwamfuta, yana tuƙa jirgin yaƙi na zamanin da, yana harbo wasu, tat-tat-tat. Ƙanensa na tsugune a gefe, ni ina bayan ƙanen. Kullum sai ya ce, 'Yaya, saura ni.' Shi ya ce, 'Bari in sauka tukuna.' Da ya hango filin sauka sai ya karkata ya koma sama. In ya gaji ya zare waya. Ƙanen ya yi ta jira har zazzaɓi ya tafi da shi. Ni ban daina jira ba. Yanzu kuma na ji zai sayar wa masu gwangwan da kwamfutar."

"Fita tukuna, zai sauka."

"Haba Malam! Ni za a gaya wa alkawarinsa?"

Malam ya nisa. "In taya ta taɓa ƙasa, ka fita, ba dawowa."

"Na rantse."

Maigida ya kinkimo tsohuwar kwamfutar, ya share ƙura, ya ɗaure wayar da ɓera ya ci. Da ƙyar ta kawo. Ga gajimaren nan, ga filin can ƙasa. Ya kama sandar tuƙi. Ya rage gudu, ya sunkuyar da hancin jirgin. Taya ta taɓa ƙasa.

Auta ta yi atishawa, ta sulale ta zauna daɓas. Uwar ta rungume ta tana hamdala.

Shi bai juyo ba. Idonsa na kan jirgin da ya tsaya cak.

"Malam," ya ce, "ashe iyakar abin ke nan? Ko tafasar ruwan shayi bai kai ba. Da na ba ƙanena."