Ɓawon Lemu a Kan Murhu

"Wannan ƙamshin kanti ne, ba ƙamshin aiki ba."

Abin da Baba Ettore ya ce ke nan, ya ture kwalbar turarena gefe ya ci gaba da ɗinkin takalmi. Wata takwas na yi ina haɗa turaren nan daga ƙamshin fatar shagonsa, wani babban kamfani a birnin Milano na jiransa. Amma ba kamfanin ne ya dame ni ba, ɗan tsohon, Saverio, nake so.

A gidansu, amarya ba ta shiga sai tsohon ya auna ƙafarta, ya sassaƙa siffarta da katako, ya rataye a jerin na dangi. Ni ko kallon ƙafata bai taɓa yi ba.

"Nerina, masoyiyata, ki yi haƙuri," in ji Saverio a bakin ƙofa. "Loredana ce ta zuga shi. Wai ba ni kike so ba, sunan shagonmu kike so ki liƙa a kwalba."

Loredana 'yar majemin da ke kawo musu fata ce, ta daɗe da ɗora ido kan Saverio.

"Kai fa, ka yarda?"

"Da na yarda, zan tsaya nan sanyi na dukana? Amma ba zan yi aure ba da albarkarsa ba..."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, tsohon bai yi ƙarya ba. Takalmin da aka gama na shinshina, ban taɓa zama inda ake yinsa ba.

Washegari na jawo kujera na zauna a shagon. Bai kore ni ba, bai kuma gaishe ni ba. Mako shida ina goga kakin zuma a zare har yatsuna suka yi kanta. Loredana in ta kawo fata sai ta taɓe baki.

"Su madam an koma dukanci?"

"Ana koyo," nake ce mata.

A nan na lura da abu ɗaya. Kullum da safe tsohon yakan ɗora sabon ɓawon lemu a kan murhu, alhali shi ba ya shan lemu.

Da na kawo kwalba ta biyu, ya ɗiga a bayan hannunsa da niyyar kushewa. Fata, kaki, ɗanyen katako, can ƙasa kuma ɓawon lemu da ya ji wuta. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Wa ya gaya miki zancen matata Assunta?"

"Ba kowa, Baba. Murhu na gani."

"Shekara arba'in tana zaune a kujerar nan tana goga zare. Ta ce warin manne na sa mata ciwon kai, sai ƙamshin ɓawon lemu ke sauƙaƙa mata..." Ya ɗaga kwalbar. "Nawa 'yan Milano za su sayar da matata?"

"Na farkon na aika musu. Wannan kwalba ɗaya ce tak, taka ce."

Saverio ya ajiye guduma.

Tsohon ya share ido da gefen rigar aikinsa, ya jawo farar takarda ya shimfiɗa a ƙasa, ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Cire wannan abin kunyar da kike kira takalmi, 'yata. Taka nan, kuma kar ki motsa."