Kwana Shida Ɗigo Bai Ci Ba

Ruwan sama ne ya koro Auta cikin shagon kifin ado, ba sha'awar kifi ba. Ta taso daga shagon tabarau inda take aiki, ta fake tana karkaɗe jakarta, sai ta ji a jikinta ana kallonta. Ashe wani ɗan mitsitsin kifi ne a tankin gilashi, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, rawaya mai ɗigo-ɗigon baƙi, ido ɗaya na kanta, ɗayan na can wani wuri.

"Shi ke nan, ya ƙyalla ido ya gan ki," in ji mai shagon, wani dogon saurayi da hannun riga a naɗe. "Talibambam ne, irin ƙananan. Iyakar girmansa ke nan."

"Shi kaɗai kuka bari? Ba ku da tausayi ne?"

"Shi ne mara tausayin. Ki sa masa abokin zama, kafin gobe ya yagalgala masa jela."

"To ai gaskiyarsa," in ji Auta.

Ya yi dariya har da riƙe kanta. Mako biyu bayan nan tankin lita ashirin ya zauna a falonsu, da ciyayin ruwa da ɗan injin tacewa, kifin kuma ya samu suna: Ɗigo.

Ɗigo dai ɗan gata ne, ba ya kallon busasshen abincin kifi. Sai ƙananan dodon koɗi masu rai, ya yi ta shawagi a kansu kamar mai zaɓen kaya a kasuwa, sannan ya zuƙe. Duk ranar Alhamis mai shagon nan, da ta laƙaba wa suna Mai Kifi, yake kawo su a kwalba. Da farko a bakin ƙofa yake miƙawa, daga baya ya fara shigowa duba ruwa, duban ruwan kuma ya riƙa cin awa guda. Saƙonni suka biyo baya.

"Maman Ɗigo, ɗana ya ci?"

"Ya ci uku, tumbi ya yi tim. Uwarsa fa, ba a tambayarta?"

"Ita ba a waya nake son tambayarta ba."

Mama ta lura, ta yi murmushi. Baba kuwa, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya, bai ɓoye ba.

"Autata guda, in ɗauka in ba mai tsintar dodon koɗi da cokali? A kai kasuwa."

Ya faɗa ne yana zaune gaban tankin, tabarau a ƙarshen hanci, yana jan yatsa a gilashi Ɗigo na bin sa.

Wata Laraba haƙori ya hana Mama sakat, Auta ta raka ta asibitin haƙori. Suna shiga ɗakin jira Auta ta ja ta tsaya. Ga wani ƙaton tanki ya cinye rabin bango, ga Mai Kifi a kan kujera, hannunsa cikin ruwa har kafaɗa. A gefensa likitar ce da kanta, doguwa, kyakkyawa, ta riƙe masa tawul tana dariya. Haƙoranta kuwa, to, ai dole, sana'arta ce.

"Ku yi haƙuri, Mama, minti biyu," in ji likitar. "Duk Laraba yana nan. Wallahi ban san yadda zan yi ba in babu shi."

Duk Laraba! Kishi ya turnuƙe Auta. Wata huɗu yana zuwa gidansu, bai taɓa cewa akwai wata Laraba ba. Ya waiwayo ya gan ta, fuskarsa ta washe, ya ɗaga jiƙaƙƙen hannu. Ta kau da kai ta ƙura wa hoton ruɓaɓɓen haƙori da ke bango ido.

Washegari ya zo da kwalbarsa. Ta tare shi a ƙofa, ta haɗe rai.

"Mun gode, mun ƙoshi."

"Auta, me ya faru?"

"Ka kai wa masu tawul."

Ta rufe ƙofa. Saƙonsa ya shigo kafin ta kai falo: "Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki karɓi abincin. Shi bai yi miki laifi ba." Ta karanta, ta ja tsaki, ta kife wayar. Ya kira sau huɗu, ta yi biris.

Ta rantse za ta ciyar da kifinta ba tare da shi ba, ko kwalbar da yake ajiyewa kullum a bakin ƙofa aika masa take yi da abinsa. Ta sayo busasshen abinci, Ɗigo ya kalle shi ya wuce. Ta sayo daskararriyar tsutsa daga wani shago, ya ɗauka ya tofar. Ta zaga shaguna uku neman dodon koɗi, sai manya masu taurin ɓawo, sun fi shi girma. Kullum ta dawo aiki sai ya taso bakin gilashi yana kallon hannunta, ita kuma hannun babu komai. A kwana na shida cikinsa ya loɓa, launinsa ya dishe, ya lafe ƙarƙashin ganye. Auta ta durƙusa gaban tankin, hawaye ya zubo. Tana son saurayin nan, tana jin haushinsa, ga shi za ta kashe kifinta a kan haka.

"Kira shi," in ji Baba daga bayanta.

"Baba, ai kai ka ce..."

"Cewa na yi ba zan ba shi ke ba. Ban ce ki kashe mini kifi ba."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa: "Ɗigo ba shi da lafiya. Don shi nake kiranka, ba don kaina ba."

Amsa ta zo nan take: "Ina hanya. Don ku biyu."

Ya shigo ko zama bai yi ba. Ya zaɓi mafi ƙanƙanta a kwalbar, ya ɗan fasa ɓawon da bayan cokali, ya sauke shi daidai bakin ganyen. Mutum huɗu suka yi cirko-cirko. Ɗigo ya juya ido ɗaya, ya juya ɗayan, ya matso a hankali, ya zuƙe.

"Alhamdu lillahi!" in ji Baba da ƙarfi, har Mama ta zabura.

Mai Kifi ya juyo wajen Auta. "Kin san daga ina abincin nan yake fitowa? Tankin likita. Dodon koɗi sun addabi ciyayinta, ni kuma na hana ta zuba magani. Shi ne nake zuwa duk Laraba in tsince da hannu, saboda nan kaɗai nake samun masu laushin da bakinsa zai iya. Don Alhamis nake zuwa Laraba, Maman Ɗigo."

Kunya ta kama ta, amma kishin bai tafi ko'ina ba, sabon wuri ya samu.

"Wato wata huɗu ɗana abincin gidanta yake ci? To ba zai ƙara ba. Ka koya mini kiwonsu."

"Bokiti ne da ciyawa da ganyen latas. Sai dai za su yi wata guda kafin su hayayyafa. Kafin nan dole in koma."

"Tare za mu je. Kuma ni zan riƙe tawul ɗin."

"To in ce mata ke wace ce?"

Baba ya yi gyaran murya, idonsa na kan tanki.

"Kwana shida kana ajiye kwalba a bakin ƙofar nan, tana mayar maka, kana sake kawowa. Na gani ta taga. Ka turo manyanka, yaro."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Auta da kanta ta kai wa likita katin gayyata, ta sha kwalliya kamar ranar ce bikin. Likita ta rungume ta da murna ta gaskiya, abin da ya ɗan ba Auta haushi.

Ranar da za ta tare, ta zo ɗaukar tankin, Baba ya ɗora hannu a kan murfin.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Amma Ɗigo a nan zai zauna."

"Haba Baba, nawa ne fa!"

"Na sani. Bokitin kiwon ku tafi da shi." Ya ƙara dafe murfin. "Kin ga dole ku dinga kawo masa abinci duk mako. Ku biyu."

Auta ta saki tankin, ta rungume babanta.