Tarin Haggai

Keziah tana tankaɗe garin dawa a tsakar gida sai ta jiyo kakari daga ɗaki. Ta yar da rariya ta ruga. Mijinta Haggai yana kwance, idanu a waje, majina ta toshe masa ƙirji. Soja ne. Shekara biyu ke nan da mota ta kife da shi a hanyarsa ta zuwa hutu gida, ƙashin wuyansa ya taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Ko tari ba ya iya yi da kansa.

Ta ɗora tafukanta a ƙasan haƙarƙarinsa, ta jira ya ja numfashi, ta danna da ƙarfi kamar yadda nas ta koya mata. Sai a karo na biyar majinar ta fito.

Mahaifiyarta Saloma, wadda ta iso daga garinsu Manga da safiyar ranar, tana bakin ƙofa tana kallo. Ta ja 'yarta waje, ta ce ta haɗa kayanta su tafi. Yarinya 'yar shekara ashirin da shida, hannu duk ya kumbura, ai mutumin yana da dangi, su ma su taɓa.

"Mama, shekara bakwai ya yi yana golmo, noman neman aure, yana nome gonar Baba, kafin ku ba shi ni," in ji Keziah. "Ni biyu kacal na yi."

Saloma ta rantse ƙafarta ba za ta sake taka gidan ba. Haggai ya ji komai. Da Keziah ta koma ɗaki ya ce da ita a hankali, "Ki bi ta, Kezi. Na yafe miki." Ta zaga bayan rumbu ta yi kuka har ta gaji.

Da damina ciwon huhu ya kwantar da shi a asibiti a Sakkwato. Likita ya ce hannu ya daina isa, sai na'urar tari: a rufa masa roba a hanci da baki, ta hura iska cikin huhu, ta zuƙo ta da sauri, majinar ta biyo. Abokan aikinsa da zumuntar matan coci suka yi ta faɗi-tashi har aka samo ɗaya daga ƙasar waje.

Sai dai na'urar da lantarki take aiki, unguwarsu kuwa sai a kwana uku babu wuta. Wata rana Keziah ta yi ta danna shi har ta suma a gefen gado. Maƙwabciyarsu Bilki ce ta kai labarin Manga.

Washegari kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Saloma ce, rungume da ƙaramin janaretan da take sanyaya lemon shagonta da shi. Ba ta gaisa da kowa ba. Aka tayar da shi, na'urar ta ɗauka, ta ga ƙirjin surukinta ya ɗaga ya sauka, numfashinsa ya washe.

"Sannu da zuwa, Mama," ya ce.

Ta durƙusa ta kama hannunsa tana hawaye, ta ce ya gafarta mata.

Shekara uku ya ƙara a duniya, Saloma da Keziah suna karɓa-karɓa a kansa. Ya rasu ranar wata Lahadi da hantsi, cikin natsuwa, su biyun suna gefensa.

Haƙurin Keziah bai tayar da mijinta ba, amma ya dawo mata da uwa, ya ba shi kwanaki masu sauƙi. Ba ranar biki ake gane so ba, sai ranar da jiki ya gaza.