Ƙofar Da Kofur Ya Kulle

Duk wanda ya yi aikin gidan yari ya san hannu yana da nasa hankalin. Ka ja ƙofa, ka danna sakata, ka girgiza ka ji ta kama, duk ba ka san ka yi ba. Wannan hannun ne ya gama da Kofur.

Gandiroba ne, ya tsufa a kan igiya biyu. Takalmi ya huje, ɗakin haya yana yoyo, babban ɗansa yana zaman kashe wando. Gajiya ce ta kai shi wajen boka, bayan tsohuwar mayanka.

Ɗakin ba taga. Tuluna jere a gindin bango, an ɗaure bakin kowanne da jan ƙyalle, wani yana zufa kamar mai zazzaɓi. Ƙasa ta yi baƙi da tsohon jini.

"Kuɗi kake so, mai makulli," in ji boka.

"In ba kuɗi ba, me zai kawo ni cikin wannan warin?"

"Ni ma ina da bukata. Ina son in zare mugunta daga kan mutum, in ga abin da zai rage. Na gwada a karnuka. Yanzu mutum nake so, wanda in ya lalace ba mai tambaya."

"Su ne cike da gidanmu."

"To kawo mini sumar manyan masu laifi, ranar da kuka yi musu aski. Kowace suma da arzikinta."

"Ni me zan biya? In ka ce ɗa ko mata, yanzu zan tashi."

"Ba na son jininka. Abin da na zare, gidanka zai riƙa sauka, tunda kai ne mai tsaronsu. Sun gaji da kulle, ka bar su su shiga su fita. Kada ka taɓa kulle ƙofa a kan mutum a gidanka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya fara da wani fursuna da ake ce wa Mahauci, wanda ya yanka wansa, kuma ko a kurkuku bai daina cewa "riƙe mini ƙafar" ba. Bayan askin ya zauna shiru, yawu na zuba, sunansa ma ya ɓace masa. Likita ya ce taɓin hankali ne, aka kai shi ɗakin mahaukata. Wasu suka bi baya. Ba wanda ya tambaya.

Arziki ya zo. Motoci, shaguna, gidan bene. Kofur ya sa aka cire kowane kwado.

"Baban yara, gandiroba guda da gida a wangale?" in ji matarsa. "Ko kulle ne ya gundure ka?"

Shi yana ganin yadda ƙofofi ke buɗe kansu da tsakar rana.

Kuɗi ya lalata ɗan. Wata la'asar ya shigo a buge, yana zagin uwarsa a kan makullin mota. Kofur ya shaƙo shi, ya tura shi ɗakin ajiya. Ƙofar ce kaɗai aka manta ba a cire sakatarta ba. Hannu ya danna, ya girgiza. Sai a lokacin ya tuna.

Ya buɗe da sauri. Ɗan na tsugune, hannu a ka, yadda fursunoni ke yi.

"Ranka ya daɗe, an zo ƙirga ne?"

Muryar Mahauci ce.

Kofur ya koma wajen boka, ya durƙusa. Boka ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa labari mai daɗi.

"Ashe in aka kulle muguntar da mutum, shigarsa take yi. To, gwajina ya cika."

"Ka cire masa."

"In na cire, ka ga abin da ke ragewa."

Kafin ya iso gida, ɗan ya kwantar da uwarsa a tsakar gida kamar rago. Maƙwabta sun ji shi yana neman wanda zai riƙe masa ƙafar. Ƙanwarsa da ta gani ba ta sake magana ba.

Dukiya ta tafi yadda ta zo. Kofur yana nan bakin aiki, takalmi ya sake hujewa. Ɗansa na ɗakin mahaukata, kusa da Mahauci, ɗaya ba kowa a cikinsa, ɗaya ya cika da wani. Kowace yamma shi ke danna musu sakata, ya girgiza.

Kai mai gaggawar arziki, ka ji da kyau. Ba wani rai da ba a tambayarsa. In mutane sun yi shiru, a gidanka za a zo karɓa.