Allo Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ranar Alhamis da hantsi aka kira Sufeto Rhodri Pennant zauren cocin garin Cwm Eirin, wai an yi sata. Ya iso da jiƙaƙƙiyar hula, ya tarar da Dakta Mared Bevan, mai tono kayan tarihi, tsaye rai a ɓace.

A kan teburi an jera abin da ta yi wata biyu tana haƙowa a tsohuwar rijiyar bayan gari: awarwaron zinariya na mutanen da, da ƙananan allunan dutse da ya kamata su cika arba'in. Duk wanda ya tashi a kwarin nan ya san aikin rijiyar. Kakanninmu in sun ƙullaci mutum, sai su zana haruffan sunansa a allo su jefa ciki, su koma gida su jira masifa ta same shi.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Allo ɗaya, mai lamba goma sha bakwai."

"Aka bar zinariyar?"

"Ga ta nan kana kallo."

Sufeto ya dubi zinariya, ya dubi gurbin allo, ya sosa ƙeya. Shekara ashirin yana aikin nan, bai taɓa gamuwa da ɓarawo mai kawaici haka ba.

Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a fasa taga ba. Makulli biyu ne, ɗaya wurin Dakta, ɗaya wurin Emrys Maddocks, dattijon da ke share zauren. Sufeto ya san gidan su Emrys. In aka tafi da Emrys, babu mai kula da ƙanensa Tegid, wanda tarakta ta danne shekara arba'in da suka wuce, bai sake taka ƙasa ba.

"Allunan nan duk tsofaffi ne?" ya tambayi Dakta.

"Shekara ɗari biyu, kowannensu."

"Nuna mini hoton wanda ya ɓata."

Ta yi ta laluben jaka fiye da yadda ya kamata kafin ta miƙa. A hoton an zana T da M. An huda allon, an ɗaura masa guntun igiya ruwan lemo.

"Dakta, ashe shekara ɗari biyu da suka wuce ana yin igiyar leda ta ɗaurin harawa?"

Ta sunkuyar da kai. "To, biyu daga ciki sababbi ne, a laka ta sama na same su. Asabar za a buɗe wa jama'a su zo kallo, na ga arba'in ya fi daɗin faɗa."

Ta nuna masa na biyun, mai lamba goma sha takwas. An zana E da M, igiyar iri ɗaya, ƙullin ma iri ɗaya, ninki biyu da hanci a gefe.

"Wato ɓarawo ya bar zinariya, ya bar tsofaffi, cikin sababbi ma ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya?"

"Ni aikina tono, Sufeto. Fahimta aikinka ne."

Ya ɗauki hotunan biyu ya nufi gonar su Maddocks, kansa ya fi ɗaurewa a kan yadda ya zo. A bakin gonar ya tsaya kwance igiyar ƙyaure, sai hannunsa ya dakata. Ninki biyu, da hanci a gefe.

A kicin ya same su. Tegid na kan kekensa na guragu kusa da murhu, Emrys na yanka masa burodin zabibi.

"Zauna ka sha shayi, ɗan Gwenno," in ji Emrys. "Ina tsohuwarka?"

"Tana lafiya, Baba. Yaushe rabonka da zauren coci?"

"Tun Lahadi."

"A'a, Yaya," in ji Tegid, "jiya da la'asar ba ka ce za ka jera kujeru ba?"

Emrys ya ci gaba da yanka burodi, alhali faranti ya cika. Sufeto ya lura aljihun kwat ɗinsa na dama ya rinjayo ƙasa, yana bugun ƙafar teburi.

"Baba, fito da shi."

Dattijon ya zaro allon daga aljihu ya ajiye kusa da butar shayi. Bai kalli ƙanensa ba.

"Ni na zana shi," ya ce. "Na samu aiki a jirgin ruwa, mahaifinmu ya ce sai in Tegid ya yarda ya riƙe gona. Ya ƙi. Na je rijiya da haushi. Kwana tara tsakani tarakta ta kife da shi." Ya dubi Sufeto. "Ga shi ya nace sai na kai shi kallo ranar Asabar. Da ya gani zai gane ƙullin gidanmu."

Sufeto ya ji tausayi ya kama shi, amma har yanzu lissafinsa bai cika ba. Ya ajiye hoto na biyu.

"To wannan fa, wa ya zana?"

Emrys ya ƙura ido. "Ban ma gan shi ba. Nawa kawai na wawura na fito."

"Ni ne," in ji Tegid. "Shi nake so in je in gani, ko an tono shi."

"Kai kuma? To ai ni ba abin da ya same ni."

"Ban roƙi ciwo ba, Yaya. Cewa na yi Allah ya sa kada ka taɓa barin gonar nan."

Suka zuba wa juna ido. Sufeto ya buɗe littafinsa ya rufe. Ya rasa wa ya cuci wa, ya kuma rasa abin da zai rubuta wa na sama da shi, sai dai an ɗauki dutse kuma ga dutse.

"Baba, dole mu je caji ofis ka ba da bayani. Maƙwabciya za ta zauna da shi."

Emrys ya gyara wa ƙanensa bargo a gwiwa, ya ɗauki hula. Suna bakin ƙofa Tegid ya ce, "Ɗan Gwenno, bi da shi ta bakin teku. Kada ku yi sauri."

Hanyar ta fi nisa, amma ita Sufeto ya bi, ya rage gudu inda ake hango jiragen ruwa. Emrys bai ɗaga kai ba. Agogonsa yake dubawa, don ƙarfe biyar ake ba Tegid magani.